Gyaran Laka da Ƙwaƙwalwa: Inda Bincike Ya Kai da Abin da Har Yanzu Ya Gagara

Idan wuƙa ta yanki mutum, cikin 'yan kwanaki fata ta haɗe. Idan ƙashi ya karye, a ɗaure shi ya kama. Amma idan laka ta samu mummunan rauni, galibi abin da ya shanye ya shanye ke nan. Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta ratsa cikin ƙashin baya, tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, akasarinsu sanadiyyar faɗuwa ko haɗarin mota, wasu fiye da miliyan 55 kuma na fama da cutar mantuwa, wadda ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Har yau babu maganin da ke mayar da laka ko ƙwaƙwalwa yadda take kafin ta lalace, sai dai bincike ya yi nisa.

Me ya sa laka ba ta warkewa?

Ba kowace jijiyar saƙo ce ke ƙin warkewa ba. Waɗanda ke hannu da ƙafa suna sake tsirowa idan likita ya haɗa su, da saurin kimanin milimita ɗaya a rana. Na laka da ƙwaƙwalwa ne ke tsayawa. Masanin nan ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya lura cewa sukan fara tofo bayan rauni, sannan su tsaya cak. Shekaru da dama likitoci suka ɗauki wannan a matsayin hukuncin ƙarshe.

A 1981 Samuel David da Albert Aguayo na Jami'ar McGill a Kanada suka sauya wannan fahimta. Sun ɗauko guntun jijiyar ƙafar ɓera suka dasa shi a matsayin gada tsakanin laka da gindin ƙwaƙwalwa, sai jijiyoyin da ake cewa ba sa tsiro suka miƙa cikinsa. Ashe laifin ba na iri ba ne kaɗai, har da na ƙasar da aka shuka shi. Daga baya Martin Schwab a birnin Zurich ya gano cewa rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin laka na ɗauke da sinadarin furotin mai hana tsiro, wanda aka raɗa wa suna Nogo. Bugu da ƙari, tabon da ke fitowa a wurin rauni yana kare sauran laka daga lalacewa, amma kuma yana zama katanga ga sabon tofo.

Hanyoyi uku da masu bincike ke bi

Ta farko ita ce kawar da shingen. An haɗa magungunan da ke toshe aikin Nogo, da wasu da ke narkar da wani sashe na tabon. Sun yi aiki a jikin ɓeraye, amma babu ko ɗaya da ya zama maganin da asibiti ke bayarwa.

Ta biyu ita ce dashen ƙwayoyin asali, waɗanda ake tallata su da sunan sitem sel, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama na jiki. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna yadda za a mayar da ƙwayar fata ta koma irin wannan hali, aikin da ya ba shi Nobel a 2012. A 2025 Jami'ar Keio da ke Tokyo ta sanar da sakamakon dashen irin waɗannan ƙwayoyi ga mutum huɗu masu raunin laka: biyu sun samu ci gaba, ɗayansu har ya iya tsayuwa. Sai dai mutum huɗu ba su isa hujja ba, domin wasu majinyatan kan samu sauƙi da kansu a watannin farko.

Ta uku ba ta gyara raunin, zagaye shi take yi. A birnin Lausanne na Suwizalan, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suna dasa na'urar da ke zuga laka da lantarki a ƙasan wurin da ya lalace. A 2023 suka wallafa labarin Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ƙafafunsa suka shanye a haɗarin keke a 2011. Na'ura a kansa tana karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa, ta aika saƙon ga wadda ke bayansa. Da haka ya yi tafiya da sanduna, har ya hau matakala. Nasara ce babba, amma ta mutum ɗaya, a ƙarƙashin kulawar ayarin ƙwararru.

Cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa

A nan ba gizo ɗaya ke saƙa ba, domin ɓarnar ba ta rana ɗaya ba ce, tana ci gaba ne shekara da shekaru. A cutar karkarwar jiki ta Parkinson, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa. Maganin levodopa, da ake amfani da shi tun shekarun 1960, yana rage alamun cutar amma ba ya hana mutuwar ƙwayoyin. Masu bincike a Jami'ar Kyoto sun dasa sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar majinyata bakwai, kuma a 2025 suka ba da rahoton cewa dashen bai haifar da wata babbar illa ba.

A ɓangaren cutar Alzheimer, Amurka ta amince da maganin lecanemab a 2023. Ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kimanin kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Ba ya dawo da abin da aka manta, yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma an sa masa farashin dala 26,500 a shekara.

Najeriya ma ta sa hannu a wannan fage. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis, da aka fara a 1992, ya gano cewa Alzheimer ba ta yi yawa a tsakanin dattawan Yarabawa kamar yadda ta yi a tsakanin baƙaƙen fatan Amurka ba. A 2023 kuma wani ayari da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ke ƙara haɗarin Parkinson ga 'yan asalin Afirka.

Hattara da 'yan kasuwa

Giɓin da ke tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti ya zama kasuwa. Cibiyoyi a ƙasashe da dama na tallata allurar sitem sel a intanet a matsayin maganin shanyewar jiki, wasu ma har da na haɗiya. Mujallar likitoci ta New England ta wallafa a 2017 yadda mata uku a jihar Florida ta Amurka suka rasa ganinsu, ko mafi yawansa, bayan irin wannan allura a ido. Duk wanda ya ce yana warkar da laka da ta tsinke, kuma ya nemi miliyoyi, to kuɗin iyali yake hari.

Abin da ke ceton rai a yau

Darasi mafi amfani ya girmi duk waɗannan na'urori. A 1944 likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, a zamanin da yawancinsu ke mutuwa ba da jimawa ba. Abin da ke kashe su shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Da juya majinyaci a kai a kai, da tsafta, da motsa jiki, ya mayar da su cikin jama'a. Wasannin da ya shirya musu a 1948 su ne tushen gasar nakasassu ta duniya.

Wannan ne ma'aunin da ya dace da Najeriya. Wanda ya yi haɗari a hanya, jama'a ke ciccibarsa su cusa a A Daidaita Sahu, alhali lanƙwasa wuya ko baya na iya ƙarasa lakar da ba ta gama tsinkewa ba. Bincike ya nuna cewa tiyatar sassauta matsi a kan laka cikin awa 24 na farko ta fi ba da sakamako, amma isa wurin ƙwararru irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano cikin wannan lokaci ya fi ƙarfin mafi yawan mazauna karkara. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu, wa'adin kuma ya cika a 2024. Motar ɗaukar majinyata, da likitocin gashi, da aiwatar da wannan doka ba sa jiran wani sabon bincike. Kasafin kuɗi suke jira, da 'yan ƙasar da za su tambayi inda ya shiga.