Daga Inuwa Zuwa Agogon Hannu: Yadda Ƙasar Ƙonni Ta Auna Lokaci

Kafin wani ya ɗaura agogo a hannu a Ƙonni, Malbaza ko Illela, mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin lokacinsu, kuma sun san shi da kyau. Yini yana da gaɓoɓi, kowace da sunanta: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, har talatainin dare. In an ce a haɗu da hantsi, kowa ya san ana nufin rana ta ɗaga amma ba ta fara cizo ba. Kwana kuwa daga faɗuwar rana yake farawa, shi ya sa har gobe daren Juma'a ke riga ranar Juma'a zuwa.

Aikin da ya fi buƙatar ƙwarewa yana hannun ladan da liman. Mutum zai tsaya a fili, ya juya wa rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya auna ta da tafin ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa. Inuwa tana ta raguwa tun safe har ta tsaya. Da zarar ta soma ƙaruwa ta gabas, zawali ya yi, azahar ta shiga. Idan ta kai tsawon mai ita, ban da abin da ya rage lokacin zawali, la'asar ke nan. Wannan ragowar kuma ba ɗaya ba ce a hunturu da bazara, don haka sai an san wata, an san inda rana ta karkata. Almajirai na karanta ƙa'idar a Risala, amma a tsakar gida ake koyon ta. Da dare sai taurari: Gamzaki na shelar asuba, Kaza da 'ya'yanta na nuna inda shekara ta kai.

Ilimin nan ya kai har fada. A 1824 Bature Clapperton ya isa Sakkwato, da ke kudu da Ƙonni, ya shimfiɗa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sararin sama. Shi da kansa ya rubuta cewa Bello ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.

Lokacin ƙarfe ya shigo ne a bayan bindiga. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Mulkin Faransa da ya biyo baya shi ya kawo bariki da kumandan, da makarantar boko, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946. A nan talaka ya fara jin cewa ya makara ko da rana ba ta ce ya makara ba. Daga baya asibitin Galmi da masana'antar siminti ta Malbaza suka ƙara wa mutane sabo da ƙarfe kaza shiga, ƙarfe kaza tashi.

A ganina rediyo ya fi bariki koya wa mutane agogo, domin shi da daɗi ya shigo. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, kunne ya saba da agogon GMT da agogon Najeriya da Nijar. Mai agogon da ake murzawa sai ya jira a faɗi lokaci, ya zaro ɗan kan agogon, ya gyara hannu, ya murza. Alhazai suka riƙa dawowa da Seiko da Rado a tsaraba. Bayan Seiko ta fito da agogon batir a 1969, Casio kuma ta fito da ɗan baƙin nan F-91W a 1989, farashi ya faɗi, har yaro mai tallan albasa ya iya saye a kasuwar Laraba ta Ƙonni ko ta Lahadi a Illelar Najeriya. Tsallaka iyaka ba ya sa a taɓa agogo, ƙasashen biyu lokacinsu ɗaya.

Sai dai akwai abin da agogo ba ya gaya mana. Lokacin hukuma an ɗaura shi a kan layin digiri 15 gabas da Greenwich, Ƙonni kuwa tana wajen digiri 5 ne. Kowane digiri minti 4 ne. Ke nan in agogo ya buga sha biyu, rana na da sauran kusan minti 40 kafin ta kai tsaka, ya ɗan ƙaru ko ya ragu gwargwadon wata. Tsohon da ya dubi ƙasa ya ce zawali bai yi ba, shi ke da gaskiya.

Wannan ne ya sa nake damuwa da jadawalin salla da ke yawo a wayoyi ba tare da an duba na wane gari ne ba. Alfijir na ketowa a Ƙonni kimanin minti 12 kafin Yamai. Wanda ya bi jadawalin Yamai a watan azumi zai iya kasancewa da loma a hannu alhali alfijir ya riga ya keto a kansa. Kafin ka tura jadawali a zaure, don Allah duba sunan garin da ke samansa, ka kuma tambayi ladanin unguwarku.