Daga Hausawan Glover Zuwa Afaka: Yadda Ake Tarbiyyar Yaro Kafin Ya Zama Hafsa

Yau ina so mu waiwayi tarihin horon da ake ba yara 'yan makaranta kafin su shiga makarantar hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, domin na lura yawancinmu a Sabo da Agege da Idi Araba mun ɗauki kaki a matsayin sana'ar 'ya'yan wasu, alhali kuwa a hannun baƙi irinmu aka haifi sojan ƙasar nan.

A 1863 wani Bature sojan ruwa, Laftana John Glover, ya tara Hausawa 18 a Legas ya ba su bindiga. Su ne ake kira Hausawan Glover, kuma daga kansu rundunar sojan Najeriya take fara ƙirga shekarunta. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Amma waɗannan kurata ne, mafi girman abin da suke kaiwa shi ne saje ko samanja. Hafsa kuwa sai Bature.

Da mulkin kai ya ƙarato, sai aka ga ba a samun hafsa da rana tsaka, dole a ɗauko icce tun yana ɗanye. Hanya ta farko ita ce ƙungiyar kadet a manyan kwalejojin gwamnati. Ta Kwalejin Barewa a Zariya ta yi suna ƙwarai, kuma kwalejin nan ce ta yaye Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Hanya ta biyu ita ce makarantar da aka buɗe a Zariya a 1954 da sunan Boys Company, da yara 30, 'ya'yan sojoji, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. A 1960 aka mayar da ita Makarantar Soja ta Najeriya, wato NMS. Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa duk ta nan suka bi. Sojan sama ma sun buɗe irin tata a Jos a 1980.

Akwai kuma ta uku, wadda ba ta soja ba ce amma tana gyara yaro, wato Man O' War. An fara ta a 1951 a bakin teku kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Daga baya ta dawo gida, tana da sansanin hawan dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos, da na ruwa a Apapa, nan kusa da mu.

Ita kanta NDA a 1964 aka kafa ta, shugabanta na farko Birgediya Varma ne daga Indiya. A 1985 ta fara koyar da karatun digiri, kuma kwas ɗinta na dindindin shekara 5 ne, huɗu na karatu haɗe da horo, ta ƙarshe ta aikin soja zalla. A 2011 ta fara ɗaukar mata. Mazauninta na dindindin yana Afaka.

To me sansanin kadet yake ƙara wa yaro? Ba harbi ne babban darasin ba. Yana koyon tashi kafin asuba da jin busar begila, ya gyara gadonsa, ya goge takalmi, ya tsaya fareti rana na dukansa bai motsa ba. A daji yana koyon karanta taswira, da tafiyar ƙasa da kaya a baya, da raba ruwan gora ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Mafi wuya shi ne karɓar umarni daga yaron da aji ɗaya kawai ya girme shi, a laifta su gaba ɗaya saboda kuskuren mutum guda, ya haɗiye. Makonnin farko a NDA an tsara su ne don a gajiyar da jiki a ga abin da ya rage a zuciya. Wanda ya taɓa ɗanɗana wannan yana ɗan shekara 13, abin ba zai zo masa a baƙo ba. Sai dai kadet ba tikitin shiga ba ne, dole yaro ya ci JAMB da jarrabawar makarantar, ya wuce gwajin lafiya da hukumar tantancewa.

A nan ne ƙalubalenmu yake. Ana raba gurabe ne jiha jiha, kuma ana neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, amma yaron da aka haifi kakansa a cikinta yakan rasa wannan takarda a inda aka haife shi, in ya je Arewa kuma a tambaye shi gidan wa ya fito. Saboda haka shawarata ga iyaye ita ce a riƙa kai yara garin asali ana sada su da dangi da mai unguwa, a nemi takardar tun suna firamare, a kuma bar su su shiga kadet ko Man O' War in makarantarsu tana da su. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu su ma su riƙa sanar da jama'a a masallatai duk lokacin da fom ya fito.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.