Chierika Ukogu da Shigar Nijeriya Tseren Tuƙi na Olamfik

Gabatarwa

Tuƙin kwalekwale ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawa da masu fito na Yawuri da Argungu sun gaje shi kaka da kakanni, kuma tseren jirage yana cikin wasannin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934. Amma akwai wani irin tuƙi na Olamfik da Nijeriya ba ta shiga ba sai a 2016, kuma mace ce ta fara. Wannan maƙala za ta bi sawunta domin a gano dalilin jinkirin.

Tuƙi Iri Biyu

Kalmar "tuƙi" ta haɗa abubuwa biyu. A na gargajiya, matuƙi yana fuskantar inda ya dosa, da filafili a hannu. A ɗayan kuwa, jirgin siriri ne, an maƙala filafilan a gefensa, matuƙi yana zaune bisa kujera mai zamewa, ya ba inda za shi baya, kuma yawancin ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa. Tsawon tseren mita 2,000 ne. Sai a wasannin Montreal na 1976 aka fara barin mata su shiga.

Rayuwarta

An haifi Chierika Ukogu a 1992 a Amurka, iyayenta 'yan Nijeriya ne. Ta koyi tuƙi a makarantar sakandare a yankin Philadelphia, ta ci gaba a Jami'ar Stanford. A 2012 ta kalli Hamadou Djibo Issaka, mutumin Nijar, wanda ya je wasannin Landan bayan horon wata uku kacal, ya zo na ƙarshe. Wannan ne ya sa ta ƙudura niyyar wakiltar Nijeriya.

Bayan ta gama digiri a 2014, sai ta jinkirta karatun likita, tana aiki tana horo. Kuɗin tafiye-tafiye kuwa daga aljihunta da gudummawar jama'a ta intanet suka fito. A watan Oktoba na 2015 ta zo ta uku a gasar share fage ta Afirka a Tunis, ta sami gurbi. A birnin Rio, cikin mata 32 masu tuƙa jirgin mutum ɗaya, ta ƙare a matsayi na 20. Daga nan ta koma karatun likita a New York. A wasannin Tokyo na 2021, Esther Toko, wadda ta tashi a Nijeriya, ta maye gurbinta.

Kammalawa

Idan aka auna Issaka da Ukogu, za a ga bambancinsu a tanadi yake. Shi yana da kogin Kwara a Yamai, amma bai sami isasshen horo ba. Ita kuwa ta sami makaranta da jirgi da mai koyarwa shekara da shekaru. Ashe jinkirin Nijeriya ba na rashin ruwa ko matuƙa ba ne. Ko a ƙasar Daura, inda rijiya ta fi kogi suna, akwai madatsar ruwa ta Sabke. Yarinyar da ke Sandamu ko Yawuri ba za ta kai inda Ukogu ta kai ba sai ranar da makarantarta ta mallaki jirgi da malamin tuƙi.