Wa ya fara zane marar sura? Taƙaddamar 1906 da 1910

Tun daga baje kolin da gidan adana zane-zane na Guggenheim da ke New York ya yi wa ayyukan Hilma af Klint daga Oktoban 2018 zuwa Afrilun 2019, wanda ya jawo 'yan kallo sama da 600,000, adadin da gidan bai taɓa samu ba a tarihinsa, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa a tsakanin masana tarihin fasaha, wato wane ne ya fara yin zane marar sura a Turai. Abin da ake nufi da zane marar sura, wanda Turawa ke kira abstrak, shi ne zanen da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko itace ko wani abin da ido ya saba gani, sai dai ya dogara ga launi da layi da siffofi irin su da'ira da murabba'i, ta yadda su da kansu ne ke ɗaukar ma'anar da mai zanen ke son isarwa. Shekaru da dama littattafan makarantu sun riƙa bayar da amsa guda ba tare da wata tantama ba, cewa Wassily Kandinsky ne ya buɗe wannan ƙofa a shekarar 1910, amma binciken da aka yi daga baya ya raunana sunan da shekarar gaba ɗaya.

An haifi Kandinsky a Mosko a 1866, ya karanci shari'a da tattalin arziki, kuma sai da ya kai shekara talatin sannan ya bar wannan hanya ya tafi Munich a 1896 domin koyon zane. A can ne shi da Franz Marc suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna Shuɗin Mahayi a 1911, kuma a ƙarshen wannan shekara ya fitar da littafinsa kan ruhi a cikin fasaha, inda ya yi bayanin cewa launi na iya taɓa zuciya kai tsaye kamar yadda sautin kiɗa ke yi ba tare da ya siffanta komai ba. Hujjar da aka fi kafawa a kan fifikonsa ita ce wani zane na launin ruwa a kan takarda, wanda yake cikin tarin cibiyar Pompidou ta Paris, mai ɗauke da shekarar 1910. Sai dai yawancin masana a yau sun karkata ga cewa a 1913 aka yi shi, domin salonsa ya yi daidai da zane-zanen share fage da ya yi wa babban aikinsa na wannan shekarar, wanda ya kira Tsari na Bakwai, kuma bai yi kama da abin da hannunsa ke fitarwa a 1910 ba, lokacin da har yanzu ana iya gane dawakai da duwatsu da hasumiyoyin coci a cikin ayyukansa. Shi kansa ya damu matuƙa da batun fifiko, har ma a wata wasiƙa da ya aika wa dillalin zanensa a New York a 1935 ya dage cewa wani zanensa na 1911 shi ne na farko irinsa a duniya.

Ba shi kaɗai ne ya mayar da kwanan wata baya ba. Kazimir Malevich, wanda ya nuna Baƙin Murabba'i a birnin Petrograd a Disambar 1915, ya rataye shi a kusurwar ɗaki ta sama, inda Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan ibada a gidajensu, ya riƙa danganta aikin ga 1913 bisa hujjar cewa tunanin ya zo masa ne lokacin da yake tsara kayan ado na wani wasan kwaikwayo na waƙa a wannan shekarar. Ya kira salonsa Suprematizim, wato fifikon tsantsar ji a kan siffar abubuwa. Da ma'aikatan gidan Tretyakov na Mosko suka haska zanen da na'ura a 2015, sun tarar da wasu zane-zane biyu masu launi a ƙarƙashin baƙin fentin, abin da ya nuna cewa a hankali ya isa ga wannan murabba'i. Idan kuwa nunawa a bainar jama'a ce ma'auni, to František Kupka, ɗan ƙasar Czech mazaunin Paris, yana da hujja mai ƙarfi, domin a baje kolin kaka na 1912 a Paris ya nuna manyan zane-zane marasa sura, ciki har da wanda ya ginu kan jan launi da shuɗi masu zagaya juna, a daidai lokacin da Robert Delaunay da matarsa Sonia ke gwajin da'irori masu launuka, salon da marubuci Guillaume Apollinaire ya laƙaba wa suna Orfizim.

Duk wannan ja-in-ja tsakanin 1910 da 1915 yana gudana ne alhali a Stockholm wata mace ta riga su da shekaru. An haifi Hilma af Klint a 1862 a gidan hafsoshin sojan ruwa na Siwidin, kuma tana cikin rukunin farko-farko na matan da suka yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Masarauta, inda ta kammala a 1887. Ta yi zaman sana'a da zanen shimfiɗar ƙasa da fuskokin mutane da tsirrai, har ta taɓa yi wa makarantar likitancin dabbobi aikin zane, saboda haka babu mai iya cewa rashin iya kwaikwayon halitta ne ya kai ta ga barin sura. Rasuwar ƙanwarta a 1880 ta ƙara mata sha'awar al'amuran ruhi, kuma a 1896 ita da wasu mata huɗu suka kafa ƙungiyar da suka kira Biyar ɗin, suna taruwa suna addu'a, suna kuma yin zaman da suka yi imani cewa a cikinsa wasu manyan ruhohi ke yi musu magana. Irin wannan aƙida ta yaɗu sosai a tsakanin masu ilimi na Turai a wancan zamani, musamman ta hanyar ƙungiyar Tiyosofi da Helena Blavatsky da abokanta suka kafa a New York a 1875, wadda ke neman haɗa koyarwar addinai daban-daban da ilimin kimiyya.

A 1906 af Klint ta fara aikin da ta ɗauka a matsayin umarni daga waɗannan ruhohi, wato jerin da ta kira Zane-zanen Haikali, wanda ya kai guda 193 kafin ta kammala shi a 1915. Kashin farko, mai ƙananan zane 26 kan hargitsin farkon halitta, ya ƙunshi layuka masu nannaɗewa kamar dodon koɗi da haruffa da launukan shuɗi da rawaya da kore, inda shuɗi ke wakiltar mace, rawaya kuma namiji. A 1907 ta yi Manya Goma, waɗanda kowannensu ya haura mita uku a tsawo, ta zana su a kan takarda da aka manna a ƙyalle, suna bin matakan rayuwar ɗan Adam daga ƙuruciya zuwa samartaka da girma da tsufa, da da'irori da furanni da layuka masu yawo a kan ruwan lemo da ruwan hoda da shuɗi mai haske. Duk wanda ya jera hotunan waɗannan ayyuka kusa da abin da Kandinsky ko Piet Mondrian ke yi a 1907, lokacin da ɗaya ke zana al'amuran tsohuwar Rasha ɗaya kuma ke zana itatuwa da gaɓar kogi a Holan, zai ga tazarar da idonsa ba tare da buƙatar wani sharhi ba.

Dalilin da ya sa duniya ba ta sani ba yana da sassa biyu. Na farko, Rudolf Steiner, malamin da take girmamawa, ya ziyarci ɗakin aikinta a 1908 kuma bai ba ta ƙarfin gwiwar da take fata ba, sannan ta dakatar da jerin har shekara huɗu, a lokacin da take jinyar mahaifiyarta da ta makance. Na biyu, ta bar wasiyya cewa kada a nuna waɗannan ayyuka sai bayan shekara ashirin da rasuwarta, domin ta yi imani cewa mutanen zamaninta ba su shirya fahimtarsu ba. Ta rasu a Oktoban 1944 bayan hatsarin taragon cikin gari, a shekarar da Mondrian ya rasu a New York cikin Fabrairu, Kandinsky kuma a kusa da Paris cikin Disamba. Ta bar wa ɗan ɗan'uwanta Erik af Klint zane sama da 1,200 da littattafan rubutu masu dubban shafuka, kuma da ya miƙa su kyauta ga gidan fasahar zamani na Stockholm a 1970, gidan bai karɓa ba. Sai a 1986, a wani baje koli kan ruhi da zane marar sura da aka yi a Los Angeles, jama'a masu yawa suka fara ganinsu.

Masu ƙin ba ta fifiko suna kawo hujjoji biyu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce wai ayyukanta taswirar aƙida ce da ta ce ruhohi sun shibta mata, don haka ba su cikin tarihin fasaha. Wannan hujja ba ta da tushe mai ƙarfi, domin Mondrian ya shiga ƙungiyar Tiyosofi a 1909, Kandinsky ya karanta Blavatsky da Steiner har ya ambaci Tiyosofi a littafinsa, Kupka ma ya taɓa yin aikin mai shiga tsakani a zaman kiran ruhohi, kuma ba a taɓa cire ɗayansu daga littattafai saboda haka ba. Rijiya ɗaya suka sha, kuma ba adalci ba ne a hukunta mace da abin da aka yafe wa maza. Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato cewa af Klint ba ta yi tasiri a kan kowa ba, tunda ba ta cikin ƙungiyoyin Paris da Munich da Mosko, ba ta da ɗalibai, kuma kaɗan ne suka ga aikinta, ko da yake bincike na baya-bayan nan ya nuna ta kai wasu daga cikin zane-zanen wani taro a Landan a 1928. A kan irin wannan tunani ne babban baje kolin da Gidan Fasahar Zamani na New York ya shirya a 2012 kan ƙirƙirar zane marar sura tsakanin 1910 da 1925 ya bar ta a waje. Amma tasiri daban yake da riga, kuma tambayar da aka yi tun farko ta wanda ya riga ce.

Ya kamata a faɗi cewa ita ma taƙaddamar gaba ɗayanta ta cikin gidan Turai ce, inda aka shafe ƙarnoni ana auna gwanintar mai zane da iya kamanta halitta. A duniyar Musulmi ado marar sura ya daɗe yana bunƙasa a bangon masallatai da shafukan littattafai, kuma mai karatu Bahaushe ya san shi a zayyanar allo da aska takwas ta babbar riga da zanen da magina ke yi a fuskar soro a Kano da Zariya da Damagaram. Turawan ma ba su jahilci wannan ba, domin Kandinsky ya zauna a Tunisiya tsakanin 1904 da 1905, ya kuma ga babban baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a Munich a 1910 har ya yi rubutu a kansa. Abin da ya zama sabo a Turai shi ne ɗaukar layi da launi a sa su cikin firam a matsayin aiki mai zaman kansa da sa hannun mutum guda. Ko a nan ma akwai wadda ta gabaci af Klint da Kandinsky da wani gwaji, wato Georgiana Houghton, wadda ta nuna zane-zanen launin ruwa 155 masu sarƙaƙƙiyar layuka a Landan a 1871, ita ma da sunan ruhohi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Mondrian da Theo van Doesburg suka kafa ƙungiyar De Stijl a Holan a 1917, suka taƙaita zane ga layukan tsaye da na kwance da launuka uku na asali, ja da shuɗi da rawaya, kafin su rabu a tsakiyar shekarun 1920, bayan van Doesburg ya shigo da karkataccen layi. Kandinsky ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1922 har 'yan Nazi suka tilasta rufe ta a 1933, suka kuma saka ayyukansa cikin baje kolin da suka kira na lalatacciyar fasaha a 1937, yayin da gwamnatin Stalin ta danne salon a Rasha. A 1936 Alfred Barr, shugaban Gidan Fasahar Zamani na New York, ya zana jadawalin da ya jera salo-salo kamar bishiyar nasaba, kuma wannan jadawali ne ya kafa labarin da aka riƙa koyarwa. Bayan yaƙin duniya na biyu cibiyar ta koma Amurka, inda Jackson Pollock ya fara ɗiga fenti a kan ƙyallen da ya shimfiɗa a ƙasa a 1947, Mark Rothko da Barnett Newman kuma suka cika manyan ƙyallaye da faffaɗan launi.

Shi kansa gidan Guggenheim an buɗe shi ne a 1939 domin zane marar sura, ayyukan Kandinsky ne ginshiƙin tarinsa, kuma gininsa mai hawa a nannaɗe, wanda Frank Lloyd Wright ya tsara aka buɗe a 1959, ya yi kama da haikalin mai zagaye da af Klint ta tsara a littattafanta domin rataye zane-zanenta. Kandinsky ya cancanci matsayin wanda ya bayyana wa duniya manufar wannan zane kuma ya yaɗa shi, kuma babu binciken da zai ƙwace masa wannan. Amma a cikin masu zanen zamani da aka horar a makarantun Turai, wadda ta fara yin jerin manyan ayyuka marasa sura da niyya da tsari ita ce Hilma af Klint, kuma shekarar da ta dace a rubuta a littattafan makaranta ita ce 1906.