Sardauna Ɗan Rabah da Hulɗar Nijeriya da Ƙasashen Waje

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi gabas zuwa Wurno da Goronyo, ya ratsa ƙasar da hulɗa da ƙasashen waje ba baƙon abu ba ne a cikinta. A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan kuma kabarinsa yake tun 1837. Shi ne ya yi musayar wasiƙu da Shehu Al-Kanemi na Barno, ya kuma karɓi Baturen Ingila Clapperton a 1824, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Daga wannan gida ne Alhaji Sir Ahmadu Bello, Allah ya jiƙansa, ya fito. An haife shi a Rabah a 1910, mahaifinsa Ibrahim ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello.

Tarihin tasowarsa sananne ne ga malamai, don haka ba zan tsawaita ba. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna. Ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1949, daga baya ya zauna a Majalisar Wakilai ta Ikko. A can ne, cikin watan Maris na 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya tashi ya nemi a cire shekarar, a jira sai lokacin da ya dace. A 1954 ya zama Firimiyan Arewa.

Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, tsarin mulkin 1960 ya damƙa harkokin waje a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai. Firayim Minista kuwa shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a jam'iyyar NPC mataimaki ne ga Sardauna. Wato ke nan mai iko da harkar a Ikko yake, shugaban jam'iyyarsa kuma yana Kaduna da nasa ra'ayin, kuma ba mutum ne mai ɓoye ra'ayi ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne batun Isra'ila. A 1960 Gwamnatin Tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila, ta kuma yarda a buɗe ofishin jakadancinta a Ikko. Jihohin Yamma da Gabas suna aiki da kamfanonin Isra'ila wajen gine-gine da samar da ruwa. Sardauna ya ce Arewa ba za ta taɓa ko kwabo na wannan rance ba. Tafawa Ɓalewa bai janye ba, ya tsaya a kan cewa Nijeriya ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, ba za ta ɗauki ɓangare a rikicin Larabawa da Yahudawa ba. Haka aka zauna har ƙarshen jamhuriya ta farko, ƙasa ɗaya da murya biyu.

A ɗaya gefen kuma ya buɗe ƙofar gabas. Tun hajjinsa na farko a 1955 ya riƙa zuwa Makka a kai a kai, ya kuma damu da wahalar alhazanmu, waɗanda da yawansu a lokacin ta ƙasa suke bi, ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Ya ziyarci Masar da Pakistan da wasu ƙasashen Musulmi yana kiran a haɗa kai. Da aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka a 1962, aka zaɓe shi mataimakin shugabanta. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna tare da Shehu Abubakar Gumi.

'Yan adawa, musamman jaridun Kudu, sun zarge shi da shiga hurumin da ba nasa ba, kuma ta fuskar doka suna da hujja. Akwai kuma Kiristocin Arewa da wannan tafiya ta sa wa fargaba, bai kamata malamin tarihi ya ɓoye wa ɗalibai haka ba. Amma a ganina Sardauna bai ɗauki kansa Firimiya kawai ba. Yana ganin kansa jikan Bello ne na Wurno, mai haƙƙin magana da sarakunan Musulmi kai tsaye, ba sai ta hannun Ikko ba.

Sojoji sun kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Bayan shekara bakwai, a Oktoban 1973, Janar Yakubu Gowon, wanda Kirista ne, ya yanke hulɗa da Isra'ila tare da yawancin ƙasashen Afirka. Janar Ibrahim Babangida ne ya shigar da Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986, shi ne kuma ya maido da hulɗa da Isra'ila a 1992.