Gimi, garin da ciwon barci ya tasa

A shekarar 1973, da damina ta yi gardama har gero ya fara ƙonewa tun bai kai gwiwa ba, an tara mu roƙon ruwa a majami'ar Wusasa. Ina yaro a lokacin. Na tuna sanyin bangon ƙasar nan mai kauri a bayana, da kakata durƙushe kusa da ni, ta kifa goshi a kan tafukanta. Mutane na ta kuka ga Ubangiji, ita kuwa abu ɗaya take maimaitawa a hankali: wanda ya fitar da mu daga Gimi, ya dube mu.

A hanyar gida na tambaye ta ina ne Gimi. Ta ce, "Maigida, garinmu ne, amma babu shi."

Asalin labarin ya girme ta nesa ba kusa ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda hukuma za ta lamunta. Aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan Kano da Zazzau, suna riƙe da wasiyyar cewa wata rana za a kawo musu cikakken labarin Isa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Da suka ji Linjila da Hausa, suka ce abin da iyayensu ke jira ke nan.

Su ne suka kafa Gimi a ƙasar Zazzau, tare da wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, Rabaran Tomsin. Suka sare daji, suka gina majami'a da makaranta, suka yi gonaki. Mutanen da suka shekara arba'in da ɗoriya suna ɓoye abin da ke zuciyarsu, ga su yau suna sujada a fili. Kakata ta ce ba ta taɓa ganin rake mai zaƙin na fadamar Gimi ba.

A wannan fadamar ajalin garin yake. Kurmin bakin rafi cike yake da ƙudan tsando, kuma nan mata ke ɗiban ruwa, nan yara ke wanka. Ciwon barcin da ƙudan ke kawowa yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya. Daga nan sai kasala, sai mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka. Kakata ta ba ni labarin yayanta, saurayi mai ƙarfin noma, da aka same shi zaune a gindin bango, lomar tuwo a hannu, barci ya kwashe shi kafin ta kai baki. Uwarsu takan girgiza shi ta kira sunansa, ya buɗe ido ya yi murmushi, ya koma. Allurar da ke kashe cutar ba ta iso ba tukuna. Cikin 'yan shekaru aka binne mutane da yawa, waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa Zariya, yawancinsu yara.

Abin da ya daɗe yana damuna ke nan. Sun yi azumi, sun yi addu'a, garin kuma ya mutu. To, ina ceton? Na taɓa yi wa kakata wannan tambayar bayan na girma, ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ko a daren da aka binne mutum biyu, dattawa ba su fasa taruwa ba, kuma ba ta taɓa jin ɗayansu ya ce ciwon ya fi ƙarfin Allah ba. Cewa suke yi shi ne Mai Iko Dukka, in ya ɗauka nasa ne, in ya bari nasa ne. Ni dai na gaskata ta, don na san muryar mai faɗin abin da ya haddace, na kuma san muryar wanda ya wanke gawar ɗan'uwansa.

A 1929 mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa, marayun Gimi na cikin waɗanda suka raya wurin. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, su ne masu karanta shi da ƙarfi ranar Lahadi. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Sai da Gimi ya daɗe da tashi, wajen ƙarshen shekarun 1930, gwamnati ta tashi haiƙan a kan ƙudan tsando a yankin Anchau, aka share kurmin rafuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Ruwan 1973 bai wadata ba, mun ci tuwon dawar sayen kasuwa har wata damina. Kullum da asuba kakata takan fita tsakar gida ta duba gabas, ta koma ɗaki ta durƙusa. Irin geron da ta ƙulle a tsumma cikin tukunya kuwa, ko da yunwa ta matsa, ba ta bari an taɓa shi ba.