Hare-haren Ƙasar Birnin Gwari da Masu Riƙon Labari

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna da Zariya, a tsakiyar daji mai duhu da duwatsu da ƙoramu. Cikin 1936 aka keɓe wani yanki na dajin ya zama gandun En'e, cikin 1999 kuwa Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, shi ne Gandun Kamuku. Dajin nan ya ciyad da manoma da makiyaya da maharba, amma sau biyu cikin tarihi ya zama hanyar da masifa ta bi ta iske mutane.

Masifa ta fari ita ce ta harin bayi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Atiku, shi ya kafa Kwantagora, ya rasu cikin 1876. Ɗansa Ibrahim, wanda a ke kira Mai Sudan, ya hau cikin 1880. Shekara ashirin dawakinsa suna ratsa ƙasashen Gwarawa da Kamukawa da Kambari, suna ƙone garuruwa, suna kashe wanda ya tsaya, suna kora mata da yara zuwa kasuwa. Birnin Gwari kanta ba ta tsira ba. Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, suka kama Ibrahim a ƙasar Zazzau cikin 1902, sa'an nan suka mai da shi sarauta cikin 1903.

Sunayen sarakunan da suka yi yaƙin suna nan a rubuce, da na Turawan da suka kawo ƙarshensa. Amma dubban talakawan da aka kashe ko aka sayar, sunayensu sun bi iska, don ba wanda ya zauna ya rubuta.

Duk da haka an sami wata tsohuwa wadda ta hana labarin ɓacewa ɗungum. Sunanta Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, an haife ta wajen 1877. Da tsufanta ta zauna a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas. A nan ne, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta riƙa zama da wata Baturiya, Mary Smith, tana faɗi ana rubutawa da Hausa. Ta ba da labarin yadda mutanen Mai Sudan su kan faɗa wa ƙauye, da yadda aka kama danginta, da wahalar da aka sha wajen tara kuɗin fansa. Ta rasu cikin 1951, aka buga littafin da Turanci cikin 1954. Ba ta iya karatu ba, amma yau malaman jami'a suna karatu a bakinta.

Abin nan da Baba ta yi ita kaɗai, a waɗansu ƙasashe an gina masa gidaje musamman, saboda irin kisan da a ke kira kisan ƙare dangi, watau a ƙudura shafe wata al'umma daga doron ƙasa saboda asalinta ko addininta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar hana shi ran 9 ga Disamba 1948, bayan yaƙin Hitila, inda aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Cikin 1993 aka buɗe gidan tarihin wannan kisa a Washinton ta Amurka. Cikin masu yi wa gidan hidima har da tsofaffin da suka tsira da ransu. Su kan zo don kansu, ba don albashi ba, su zauna da baƙi da 'yan makaranta, su ce, ga garinmu, ga sunan uwata, ga ranar da aka raba mu.

A Afirka ma akwai irinsa. Cikin 1994, a ƙasar Ruwanda, an kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu Tutsi. Bayan shekara goma, cikin Afrilu 2004, aka buɗe gidan tunawa a Gisozi, cikin birnin Kigali, inda aka binne fiye da mutum 250,000. Iyalai suka kawo hotunan mamatansu aka rataye, aka kuma soma rubuta sunaye a jikin bango. Da yawa daga masu zagawa da baƙi marayun wannan shekara ne. Wanda ya ji adadi ya kan girgiza kai ya wuce, amma wanda ya ga fuskar yaro da sunansa, ba ya mantawa.

Abin da ya sami Birnin Gwari ba kisan ƙare dangi ba ne bisa ma'anar yarjejeniyar nan, gama mahara dukiya da bayi su ke nema. Amma maraicin ɗaya ne, hatsarin mantuwa kuma ɗaya ne. Ga shi kuwa masifa ta biyu ta sake fitowa daga dajin. Satar shanu ta girma ta zama fashi da satar mutane don kuɗin fansa, kamar dai zamanin Mai Sudan, sai dai babur ya maye gurbin doki. Ran 5 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe fiye da mutum 40. Gonaki suka koma saura, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta yi shekaru a rufe, sai cikin Nuwamba 2024 aka sake buɗe ta bayan sulhu.

Waɗansu su kan ce tone-tone ba ya kawo alheri, a bar kaza cikin gashinta. Amma mutanen Kigali ba don ramuwa suka rubuta sunaye ba, sai don kada wani ya tashi gobe ya ce ba a yi ba, kuma don yara su san inda ƙiyayya ta ke kai mutane.

Aikin nan bai jira gini ba. Duk wanda ya koyi rubutu ya isa ya soma shi da littafi da alƙalami. Abu huɗu a ke rubutawa: sunan mamaci, da garinsa, da ranar da abin ya faru, da sunan wanda ya ba da labari in ya yarda. A rubuta manomi, a rubuta makiyayi, kada a zaɓa. A rubuta abin da mai shaida ya gani da idonsa dabam, abin da ya ji dabam. Kada a matsa wa wanda bai shirya magana ba, kada kuma a yaɗa abin da zai jawo masa hatsari. Irin waɗannan takardu su ne a ke adanawa a wurare kamar Arewa House ta Kaduna, wadda aka kafa cikin 1970 don tarihin Arewa.

Waɗanda suka ga harin Kwantagora duk sun ƙaura, sai abin da Baba da ire-irenta suka bari. Waɗanda suka ga na Gwaska kuwa da yawansu suna raye, ana iya tambayarsu.